Yadda ake ɗaura sensar maganaɗisu a jikin silinda, a saita ta, a haɗa ta da PLC

Masu gyaran injina, musamman ma waɗanda ke aiki a masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa, sun sha turo tambaya iri ɗaya. Injin ledar ruwa ko na ɗinke buhu ya tsaya cak ana tsaka da aiki, silinda ta fita ta ƙi komawa, ƴar fitilar sensa kuma ko dai ba ta kama ba, ko tana kyaftawa. An sayo sabuwa an sa, ba a je ko'ina ba ta sake mutuwa. Mafi yawan lokaci sensar ba ta da laifi. Wajen haɗa waya aka kashe ta, ko wajen saiti aka ajiye ta inda ba za ta iya aiki ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara. A cikin silinda, jikin fistin, akwai zoben maganaɗisu. Sensar da ke waje tana jin sa ta cikin bangon alminiyam, kuma ba a ɗigo ɗaya take jin sa ba, tana da ɗan fili na milimitoci kaɗan wanda muddin zoben yana cikinsa za ta zauna a kunne. Aikinka shi ne ka gano farkon filin nan da ƙarshensa, ka ajiye ta a tsakiya.

Kayan da za ka tanada

Mita mai awon wuta, ƙaramar sukudireba irin ta masu gyaran agogo, makullin alan ƙanana, biron maka mai siririn baki, rula ta ƙarfe, ɗan maganaɗisu, wutar 24 V ta gwaji, resista mai 2.2 kΩ ta rabin wat, da robobin ɗaure waya. Sai kwaɗo guda na kulle makunnin inji. Idan takardar zanen wayoyin injin tana nan, ɗauko ta tun yanzu.

1. Tabbatar akwai maganaɗisu a silindar

Ba kowace silinda ce ke da shi ba, kuma a ido iri ɗaya suke. Fara da lambar da ke jikinta. A kayan SMC harafin D ne alama: CDQ2 tana da maganaɗisu, CQ2 ba ta da shi. A silindar Festo irin DSNU, A ce ke zuwa a ƙarshen lamba. AirTAC kuwa S suke sawa bayan girma da tsawo, misali SC63x100S.

Idan rubutun ya goge, ɗaure allura a zare ka bi da ita a hankali a gefen silindar. Inda fistin yake za ka ga ta karkata ta manne. Matsar da sandar silindar ka sake gwadawa, wurin da allurar ke mannewa ya kamata ya matsa tare da ita. A silinda mai sanduna huɗu a kusurwoyi, yi gwajin a tsakanin sandunan, kada ka bi ta kansu.

Gargaɗi: wannan kuskuren ya fi faruwa lokacin da aka canza silinda. A je kasuwa da tsohuwa, a auna faɗi da tsawo, a kawo wadda ta fi araha, a ɗaura, sannan a wuni ana zargin sensa. Haka kuma silinda mai bangon baƙin ƙarfe, irin yawancin na haidurolik, tana shanye ƙarfin maganaɗisun, sensar waje ba za ta ji komai ba. Maganarta tana mataki na ƙarshe.

2. Zaɓi sensar da ta dace

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai rid, wadda a cikinta wasu siraran harsunan ƙarfe biyu ne a ɗan bututun gilashi, maganaɗisu na kusantowa sai su haɗe. SMC D-A93, Festo SME-8M da jerin CS1 na AirTAC duk rid ne. Akwai kuma ta ilektronik wadda babu abin da ke motsi a cikinta, kamar SMC D-M9N, D-M9P da D-M9B, ko Festo SMT-8M.

Rid ta fi araha, ta fi sauƙin samu, kuma wasunta suna ɗaukar wutar AC. Amma gilashi ce. Faɗuwa ƙasa ko girgizar inji na iya lalata ta, harsunan kuma suna cinyewa da yawan aiki. A injin da silinda ke kai da komowa sau da yawa a minti guda, dare da rana, ni ta ilektronik nake ba da shawara ko da kuɗinta ya ɗara. A ƙofa ko maƙalin da ke motsi jefi-jefi, rid ta isa.

Bayan iri, duba abubuwa uku. Na farko siffar tsagin da ke jikin silinda: akwai mai siffar T, akwai zagayayye ƙarami da ake kira C, kuma sensar ɗaya ba ta shiga ɗayan. Silinda zagayayyiya marar tsagi tana buƙatar ɗamara daidai faɗinta, mai sanduna huɗu kuma tana buƙatar maƙali daidai kaurin sandar. Na biyu ƙarfin wuta: D-A93 ta tsaya a 24 V DC ko 100 V AC, wanda ya sa mata wutarmu ta 230 V ya gama da ita nan take. Akwai rid masu ɗaukar wannan wutar, amma sai ka gani a rubuce. Na uku, idan mai waya uku ce, PNP ce ko NPN: PNP tana fitar da +24 V idan ta kunna, NPN kuma 0 V.

A nan mutane da yawa ke rikicewa, alhali ba wuya. Buɗe fanel ka duba inda aka kai wayar gama-gari ta shigar PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin. A Mitsubishi FX3U da Delta DVP sunanta S/S, a Siemens S7-1200 kuma 1M. Idan an kai ta 0 V, PNP kake buƙata. Idan an kai ta +24 V, NPN ce. Injinan Turai sun fi zuwa da PNP, na Japan da na Sin sun fi zuwa da NPN, amma kada ka dogara da ƙasar da inji ya fito, sa mita ka auna. Kuma kada ka juya wayar gama-garin don ta dace da sensar da ka riga ka saya, duk sauran na'urorin da ke rukunin za su daina aiki.

Batun kuɗi: farashin kayan nan yana bin dala, don haka tambayi shago biyu ko uku a ranar da za ka saya. Abin da bai canzawa shi ne jerin tsadarsu. Rid ce a ƙasa, ta ilektronik na biye, mai auna tsawon tafiya gaba ɗaya ta ninka su sau da yawa, ta cikin silindar haidurolik kuwa ɗaruruwan daloli ake maganarta. Sa kuɗin ɗamara ko maƙali a lissafi, don sau da yawa daban ake sayar da su. Ka sayi guda ɗaya ta ajiya. Idan ka ga mai sunan babban kamfani a farashin da ya yi arha fiye da kima, duba rubutun jikinta da laushin wayarta da kyau, jabu sun yi yawa.

3. Kashe inji, ka sauke iska

Kashe babban makunni ka sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka. Rufe bawul ɗin iska, ka saki wadda ke cikin layi har agogon firesha ya sauka sifili. Sannan ka ja sandar silindar da hannu. Idan ta ƙi motsi, akwai sauran iska a maƙale, domin wasu bawul suna rufe hanyoyin biyu idan wuta ta ɗauke.

Gargaɗi: silinda mai faɗin milimita 63 a firesha ba 6 (bar, ma'aunin matsin iska) tana turawa da ƙarfin da ya kai kusan kilo 190. Yatsa ba ya tsira daga wannan. Idan silindar a tsaye take tana riƙe da kaya, tokare kayan da katako kafin ka saki iska, in ba haka ba zai rufto. Ka kuma tuna cewa sensa tana ba PLC umarni: a inji mai wuta da iska, matsar da ita kaɗai ya isa ya sa wata silindar ta zabura.

4. Gwada ta a kan tebur tukuna

Mintuna biyu ne, amma suna raba ka da zato. Mai waya uku: waya mai launin ruwan ƙasa zuwa +24 V, shuɗiya zuwa 0 V, baƙa ita ce mai fitar da saƙo. Kusanto da ɗan maganaɗisunka, fitila ta kama. A PNP, auna tsakanin baƙa da shuɗiya, za ka ga kusan 24 V. A NPN, auna tsakanin ruwan ƙasa da baƙa.

Mai waya biyu: +24 V zuwa ruwan ƙasa, shuɗiya zuwa resista, ɗaya ƙafar resistar zuwa 0 V. Resistar 2.2 kΩ tana barin kimanin mA 10 su wuce, wanda ya isa fitila ta kama ba tare da an cutar da komai ba.

Gargaɗi mafi girma a jagorar nan: kada ka taɓa jona sensa mai waya biyu kai tsaye tsakanin +24 V da 0 V ba tare da lodi, wato abin da zai ci wutar kamar resista, ba. Makunni ce kawai. Da zarar maganaɗisu ya zo, wutar ta samu gajeriyar hanya, harsunan su narke su manne. Yawancin rid da aka ce "sabuwa ce amma ta zo a mace" haka aka kashe su. Kuma kada ka yanke hukunci da ƙarar mita: rid mai fitila tana da dayod a cikinta, mita na iya ƙin yin ƙara alhali lafiyarta ƙalau.

5. Haɗa wayoyi a fanel

Idan mai filogi ce, lambobin ƙafafu ba sa canzawa a M8 da M12: 1 ruwan ƙasa, 3 shuɗiya, 4 baƙa. Mai waya uku, baƙar ce ke tafiya shigar PLC.

Mai waya biyu tana aiki da kowane tsari, bambancin yana ga inda ka sa ta. Idan gama-gari tana 0 V, ruwan ƙasa zuwa +24 V, shuɗiya zuwa shigar PLC. Idan gama-gari tana +24 V, ruwan ƙasa zuwa shigar PLC, shuɗiya zuwa 0 V. In ka juya su, rid irin D-A93 za ta yi aiki amma fitilarta ba za ta kama ba, sai a ɗauka ta lalace. Ta ilektronik mai waya biyu kuwa tana iya zama a kunne kullum.

Yanzu ga inda ake yawan ganganci. Wani sai ya ɗauki sensa ya kunna koyil ɗin bawul da ita kai tsaye don ya huta da rile, makunnin da ƙaramar wuta ke motsawa. D-A93 iyakarta mA 40 ne a 24 V. Koyil mai wat 3 yana jan mA 125, fiye da ninki uku. Bi ta PLC, ko ka sa ƙaramin rile a tsakani, ka kuma sa dayod irin 1N4007 a kan koyil ɗin rilen, ɓangaren mai zane yana fuskantar +. Dayod ɗin ne ke shanye wutar da koyil ke mayarwa baya lokacin da aka kashe shi, wadda ita ce ke cin harsunan rid a hankali. Idan wayar rid ta wuce mita 5, SMC suna ba da shawarar a sa akwatin kariya kusa da sensar, saboda doguwar waya tana tara caji ta sauke shi a kan harsunan duk lokacin da suka haɗe.

Haɗa sensa da yawa a shiga ɗaya ma yana da lissafi. D-M9B tana cin har 4 V idan tana kunne. Jera uku a layi guda, 12 V sun tafi, 12 V suka rage, S7-1200 kuma sai ta ga 15 V take yarda an kunna. A gefe guda, ko a kashe take tana yoyon har mA 0.8, idan ka haɗa biyu gefe da gefe ya zama 1.6, wanda ya haura mA 1 da PLC ɗin ke ɗauka a matsayin kashe. Mafita ita ce kowace sensa ta samu shigarta, a haɗa su a cikin shirin PLC.

Kafin ka rufe fanel, auna wutar 24 V ɗin kanta, a wutar gari da kuma a janareta, ka tabbatar akwai fiyus ƙarami a layin sensoci.

6. Saita wurin zamanta

Wannan matakin ne ke raba aiki mai kyau da na gaggawa. Kunna wutar 24 V kaɗai, iska tana rufe, wutar motoci tana kulle.

Tura sandar da hannu har fistin ya dangana da ƙarshe. Ka tabbata ya dangana sosai, domin silinda mai kushin, wato mai rage gudun fistin a ƙarshe, tana yin nauyi a milimitocin ƙarshe, sai mutum ya ɗauka ya kai. Idan abin da ke tsayar da ita a aiki wani ƙarfe ne na inji, kamar haƙoran liƙe leda da ke haɗuwa da juna, to a nan ne ƙarshenta, a nan za ka saita.

Zura sensar a tsagi daga wajen tsakiyar silinda, ka tura ta a hankali zuwa ƙarshe. Inda fitila ta kama, ja layi da maka a jikin silinda daidai bakin sensar. Ci gaba da turawa har fitila ta mutu, ja layi na biyu. Auna tsakaninsu da rula, ka dawo da bakin sensar daidai tsakiya. Idan tazarar milimita 8 ce, milimita 4 daga kowane layi.

Me ya sa tsakiya? Duba abin da ke faruwa a kowane gefe. Idan ka bar ta a layin farko, fistin zai shiga filinta da wuri, ya ratsa shi, ya tsaya a bakin fita. Sensar za ta kunna tun silinda ba ta gama tafiya ba, sannan ƴar girgiza kaɗan ta kashe ta. Idan ka bar ta a layi na biyu, sai fistin ya kai ƙarshen ƙarshe za ta ji shi. Ranar da firesha ta ragu, ko ɗan ɓurɓushin leda ya shiga tsakanin haƙora, ba za ta kama ba, inji ya tsaya yana jira. Sensar da aka ɗaure a inda fitila ta fara kamawa kamar mutumin da ya ɗosana a bakin benci ne, da an ɗan motsa sai ƙasa. Kuma abin takaicin shi ne a ranar saiti tana aiki lafiya, sai bayan mako guda, da zafin rana, matsalar ke fitowa.

Akwai lokacin da tsagin ke ƙarewa kafin fitila ta mutu, ba ka samu layi na biyu ba. Sai ka nemi faɗin filin ta wata hanya: riƙe sensar a tsakiyar silinda, ka motsa sandar, ka auna tafiyarta daga kamawar fitila zuwa mutuwarta. Rabin wannan shi za ka ƙara bayan layin farko.

Idan rid ce kuma ka ga tana kamawa a wuri biyu ko uku yayin da kake tura ta, ba lalacewa ba ce. Maganaɗisu mai ƙarfi yana da ƙananan filaye a gefen babban. Zaɓi mafi faɗi, wanda ke tsakiya. Masu fitila kala biyu, irin D-M9NW da D-M9PW, sun rage wannan wahalar: ja na nufin tana ji amma a gefe take, kore na nufin ta zauna daidai.

Idan aikin na matse kaya ne kuma kana so ta kunna a makare, kana iya matsar da ita kaɗan zuwa layi na biyu, amma bar mata aƙalla milimita ɗaya zuwa biyu. Ka kuma sani inda take kunnawa ba nan take kashewa ba idan fistin ya juya. Tazarar tana kai wa milimita 2 a rid, kusan 1 a ta ilektronik. Don haka idan ana son daidaito na ƙasa da milimita guda, wannan sensar ba ita ce kayan aikin ba.

Sai ɗaurewa. Ɗan sukurun D-M9 ƙarfin 0.05 zuwa 0.15 N·m kawai yake so, shi ya sa SMC suka ce a yi amfani da sukudireba mai mariƙin milimita 5 zuwa 6. Da yatsu biyu za ka juya, da ka ji ta kama sai ka ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. Babbar sukudireba tana cinye kan sukurun ko ta fasa jikin sensar. Bayan ka ɗaure, tura ta da babban yatsa ka ga ko za ta zame, ka sake duba fitila, don ɗaurewar kan ja ta gefe. Bar alamar maka a jikin silinda, gobe ko wani ne ya zo zai san inda take.

Maimaita duka a ɗaya ƙarshen.

7. Gyara hanyar waya da kewayen sensar

Wurin da waya ta fito daga jikin sensa ne ya fi karyewa. Bar ɗan sassauci a nan, ka ɗaure wayar a jikin silinda ƴan santimitoci daga sensar, yadda duk wani ja zai tsaya a ɗaurin. Idan silindar kanta tana lilo, bar lanƙwasa mai faɗi. Kada ka matse robar ɗauri har ta nutse cikin wayar. Raba wayar sensa da wayoyin mota, na inbata da na hita, kada su kwanta a kwata ɗaya.

Duba maƙwabta. Silinda biyu masu maganaɗisu da ke manne da juna suna rikita sensocin juna, SMC sun ce a bar aƙalla milimita 40 tsakaninsu. Farantin baƙin ƙarfe da aka ɗaura dab da sensa yana janye ƙarfin maganaɗisun, haka ma garin ƙarfe idan ya taru a tsagi. Saboda haka idan akwai murfi ko maƙalin ƙarfe da ke zama kusa, ɗaura shi tukuna sannan ka yi saitin mataki na 6. Kusa da injin walda mai haƙora kuwa sai sensa ta musamman, irin D-P3DWA, wadda aka yi don ta jure wannan yanayin.

Zafi ma abin lura ne. Yawancin ƙananan sensocin nan iyakarsu digiri 60 ne. A Kano cikin Afrilu, inda zafin waje kan haura 40, sensar da ke dab da hitar liƙe leda a ƙarƙashin rufin kwano ba ta da sauran tazara mai yawa. Juya ta zuwa tsagin da ke nesa da hita, yawancin silindu suna da tsagi a gefe fiye da ɗaya. A inda ake wanke inji da ruwa, nemi mai IP67, alamar jure ruwa da ƙura, ka kuma sa wayar ta sauko ƙasa kafin ta shiga fanel don ruwa kada ya bi ta.

8. Gwaji da iska

Kowa ya janye hannu. Buɗe iska a hankali, fara da ba 2 ko 3, ka motsa silindar da ɗan maɓallin hannu da ke jikin bawul. A kowane ƙarshe duba fitilu biyu: ta jikin sensa da ta shigar PLC. Dole su kama tare. Ka kuma tabbatar sensar gaba ta tafi shigar gaba, domin musanya su kuskure ne da ke sa inji ya yi karo da kansa. Daga nan ɗaga firesha zuwa ta aiki, ka bar injin ya yi ta zagaye har ya ɗau zafi, kana kallon ko fitila za ta kyafta lokacin da fistin ya bugi ƙarshe.

Idan sensar a tsakiyar tafiya take, inda fistin ke wucewa ba tsayawa, yi lissafin lokaci. Raba faɗin filin da saurin fistin. Fili mai milimita 5, sauri milimita 500 a daƙiƙa, saƙon zai ɗauki kashi 10 cikin 1000 na daƙiƙa kacal, wato ms 10. Matatar shigar FX3U a yadda take zuwa ms 10 ce, ta S7-1200 kuma ms 6.4, ga lokacin da PLC ke ɗauka yana zagaya shirinsa. Sai ka ga wani zagayen ya gani, wani bai gani ba. Rage matatar, ko ka kai saƙon shiga mai sauri, ko ka rage gudun silindar.

A shirin PLC, sa abubuwa biyu. Taima da za ta tsayar da inji ta nuna ƙararrawa idan an ba silinda umarni amma sensa ba ta amsa ba cikin lokacin da ya dace. Sai ƙararrawa ta biyu idan sensar gaba da ta baya suka kunna lokaci guda, abin da ba zai yiwu ba sai in ɗaya ta manne. Idan silinda mai kushin ce, ƙara ɗan jinkiri bayan sensa ta kama, saboda takan kama tun fistin yana cikin lallaɓawarsa ta ƙarshe.

Gargaɗi: sensar silinda ba na'urar kare rai ba ce. Kada a yi amfani da ita a madadin makunnin ƙofar kariya ko maɓallin tsayar da gaggawa. Kuma kada ka yarda a gada wayarta don "a samu a gama aikin yau".

9. Idan ta ƙi

Fitilar sensa ta kama amma ta PLC ba ta kama ba: PNP da NPN sun saɓa, ko baƙar waya ta tsinke. Fitila a kunne kullum: rid ta manne, sai canji, amma nemo abin da ya narkar da ita kafin ka sa sabuwa. Tana amsa ɗan maganaɗisun hannunka amma ba ta amsa fistin: ko silindar ba ta da zobe, ko zoben ya raunana ko ya fashe, ko fistin ba ya kaiwa. Tana yi tana dainawa: lanƙwasa wayar da yatsa dab da jikin sensar kana kallon fitila, in ba ta nan ba ce koma saiti.

10. Idan kana son sanin wurin sanda a duk tsawon tafiyarta

A silindar iska abin da sauƙi. Akwai dogayen sensoci masu shiga tsagi ɗaya, kamar SICK MPS ko Festo SDAT, da ke fitar da 4 zuwa 20 mA ko 0 zuwa 10 V. Sayi wadda tsawon awonta ya rufe tafiyar da kake so, ka koya mata farko da ƙarshe yadda takardarta ta nuna.

A silindar haidurolik, irin ta injin matsa ƙarfe ko na buga bulo, sensar ciki take shiga. Temposonics da Balluff BTL ne suka fi shahara. Siririyar sanda ce mai kaurin milimita 10 da ake ɗaurawa ta gindin silinda, galibi da zaren M18x1.5, ta shige cikin ramin da aka huda a tsakiyar sandar fistin. Zoben maganaɗisu yana jikin fistin yana yawo a kanta ba tare da sun gogi juna ba. Ramin ya zama aƙalla milimita 12.7 kuma miƙaƙƙe sarai, aikin ƙwararren mai huda ƙarfe ne. Tsakanin zoben da ƙarfen fistin sa washa marar jan maganaɗisu, tagulla ko alminiyam, mai kaurin milimita 5 ko fiye, sukurorin ma su zama irin waɗanda maganaɗisu ba ya kamawa.

Gargaɗi kafin ka yi oda: sandar tana da wuraren da ba ta awo, kimanin milimita 51 daga kai da 63.5 a baki a nau'in Temposonics RH. Tabbatar zoben ba ya shiga cikinsu a kowane ƙarshe, kuma ramin ya fi sandar zurfi, in ba haka ba fistin zai tokare bakinta ya lanƙwasa ta a dawowar farko. Ba a yanke ta, ba a ƙara mata tsawo.

Lissafin kuwa shi ne: cire 4 daga mA ɗin da ka auna, raba da 16, ka ninka da tsawon awo. A sensa mai milimita 500, mA 12 na nufin milimita 250. A Siemens, 4 zuwa 20 mA suna fitowa a matsayin 0 zuwa 27648. Kai sandar wurare uku, farko, tsakiya da ƙarshe, ka gwada abin da allo ya nuna da abin da tef ya auna. Yi amfani da waya mai rigar kariya, ka kai rigar ƙasa yadda kamfanin ya tsara, ka kuma sa PLC ya ɗauki duk abin da ya faɗi ƙasa da mA 3.6 a matsayin tsinkewar waya, ya tsayar da famfo. Duk ranar da za a yi walda a jikin injin, zare filogin sensar tukuna, ka maƙala wayar ƙasa ta walda dab da inda ake aikin, kada wutar ta ratsa ta cikin silindar.